Baƙo, Bare, Bature: Sunayen da Muke Kiran Wanda Ba Namu Ba

A Ruwan Bago, in magidanci ya leƙa cikin gida ya ce wa uwargida "mun yi baƙi", ba ta tsayawa tambayar daga wace ƙasa. Tashi za ta yi ta dama fura, ta ƙara tsaba a tukunya. Baƙon nan yana iya zama ƙanen maigidan ne daga Zarewa, ko falke da dare ya riska a hanyar Maƙarfi, ko ma'aikacin rigakafi da bai taɓa taka ƙasar Rogo ba sai ranar. Ingilishi yana da kalma daban ga wanda aka gayyata, daban ga wanda ba a sani ba, daban kuma ga mutumin wata ƙasa. Bahaushe ya tattara su duka ya ce baƙo.

Yankin Rogo da Ƙaraye wuri ne mai kyau na sauraron irin waɗannan kalmomi, don nan ne ƙasar Kano ta haɗa kafaɗa da Katsina da Zazzau. Ana cin kasuwa tare, ana auratayya, ana tsokanar juna irin ta Bakano da Bazazzagi. Mutum zai karya kumallo yana ɗan gari, ya yi azahar yana baƙo, kuma duk a kan babur ɗaya.

Abin lura na farko game da baƙo shi ne ba suna ne na dindindin ba. Hali ne mai wa'adi. Shi ya sa aka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba: hantsi na ɗagawa raɓa ta tafi. Addini ma ya yanka wa liyafa kwana 3, abin da ya wuce nan sadaka ne. Duba inda harshe ya kai kalmar. Jariri in ya faɗo, an yi baƙo. Watan azumi baƙo ne mai albarka. Ƙyanda baƙon dauro ce, jinin al'ada baƙon wata. Duk abubuwa ne masu zuwa, waɗanda ko dai su wuce ko su zama 'yan gida. Har suna ake raɗawa da ita, ga gwamnan Kano na farko, Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. Ba a raɗa wa ɗa sunan abin ƙyama. (Masu rubutu a waya ba ƙugiya su kan rikita baƙi na saukarwa da baƙi na launi da baki na magana. Kalmomi uku ne da ba su haɗa kaka ba, kunne yana rarrabe su da lafazin ƙ da tsawon wasali da karin sauti.)

Bare kuwa wani abu ne daban, kuma ya fi baƙo sanyi. Baƙo maganar wuri ce, bare maganar jini. Maƙwabcin da kuka yi shekara 40 katanga ɗaya bare ne ranar rabon gado, ɗan'uwan da ya ɓace a Sudan tun kana goye ba bare ba ne. Ana yanka wa baƙo kaza. Bare kuwa shiru ake yi in ya shigo ana maganar gida.

To amma in baƙo ya zo da yawa, ya zo da harshensa da shigarsa, sai an sa masa suna. Nan ne tarihi yake ɓoye.

Hanya mafi tsufa ita ce ta kunne. Wanda ya yi magana ba ka gane ba, sai ka kwaikwayi abin da ka ji. Girkawan dā sun ji maganar wasu al'ummu kamar "bar-bar", suka kira su barbaros. Larabawa suka kira wanda harshensa bai fita da Larabci ba ajami, musamman Farisawa, kuma daga nan muka sami sunan rubutunmu na Ajami, wato rubuta harshen da ba Larabci ba da baƙaƙen Larabci. Rashawa har gobe suna kiran Bajamushe nemets, daga kalmarsu ta bebe, kuma kalmar ta yi tafiya ta hannun Turkawa har Larabawa suke kiran ƙasar Ostiriya Nimsa. Mu ma muna da baubawa, wanda Hausa ba ta zauna a bakinsa ba. Muna da gwaranci, wanda muka ciro daga sunan Gwari, har jaririn da ke koyon magana muna cewa yana gwaranci. Mutanen da ake nufi suna kiran kansu Gbagyi, kuma a ƙasarsu aka gina Abuja. Abin dariyar shi ne, in Bahaushe yana son a warware masa zance sarai ba lauje cikin naɗi, cewa yake a yi masa gwari-gwari.

Ko labarin da muke bayarwa na asalin sarautunmu labarin baƙo ne. Bayajida ya iso Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa, ya nemi ruwa aka ce sai Juma'a, ya je rijiyar Kusugu ya kashe macijiya, ya auri sarauniya. Masu ba da labarin suna fassara sunansa da "ba ya ji dā", wato baubawa ne lokacin da ya zo. Ko fassarar ta tabbata ko ƙirƙirar baya ce, ta nuna yadda Bahaushe yake kallon abin: wanda bai ji Hausa jiya ba yana iya zama kakan sarakuna bakwai.

Ta hanyar kunnen nan aka sami Inyamuri. A harshen Ibo, "nye m mmiri" na nufin ba ni ruwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mutanen kudu suka biyo shi neman aiki da ciniki, abin da aka fara ji a bakinsu cikin zafin arewa shi ya zama sunansu. Asalin ba zagi ba ne, roƙon ruwa ne, irin wanda Bayajida ya yi. Amma kalma tana ɗaukar nauyin abin da aka aikata da ita. Bayan kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ta yi nauyin da mai ita ba ya son ji, kuma shi ke da ikon faɗar haka.

Sunan da ya fi ba ni mamaki a wannan yanki namu shi ne Bamaguje. A ƙauyukan Rogo da Ƙaraye, har zuwa Gwarzo da Malumfashi, akwai gidajen Maguzawa, Hausawa manoma da suka daɗe a kan addinin gargajiya, ko da yake yau da yawansu sun musulunta wasu kuma sun shiga Kiristanci. Babu wanda ya riga su zama a ƙasar nan. Hausarsu tsantsa ce. Amma sunan da suke ɗauke da shi na baƙi ne daga nesa. A bakin mutane akwai labarin wani Bama da ya guje wa salla ko zakka, aka ce Bama ya guje. Labari ne mai daɗin ji, irin wanda ake ƙagowa bayan kalma ta riga ta zauna. Masana da yawa suna mayar da ita ga Larabci, majus, sunan mabiya tsohon addinin Farisa masu girmama wuta.

Me ya haɗa manomin dawa na ƙasar Kano da Farisa? Fiƙihu ne. Halifa Umar ya karɓi jiziya daga Majusawa bayan Abdurrahman ɗan Aufu ya shaida cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓa daga Majusawan Hajar. Wanda aka karɓi jiziyarsa ya shiga amana: ba a yaƙarsa, ba a bautar da shi, ba a tilasta masa barin addininsa. Saboda haka malamin da ya fara kiran waɗannan manoma Majusawa wuri ya nema musu a cikin doka, don su zauna da Musulmi lafiya, su yi noma su kawo hatsi kasuwa. Masu bincike irin su Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930, da Murray Last, wanda ya zauna da na wajen Malumfashi, sun rubuta yadda wannan zama ya ɗore. Sunan da aka sa don kariya, yau yaro ke jifan ɗan'uwansa da shi in ya ga bai yi salla ba. Arne ma haka. A Nijar, Azna ko Arna suna ne na masu riƙe da al'adun ƙasa na dā, waɗanda ake nema in za a buɗe daji ko a roƙi damina. A bakin ɗan birnin Kano ya koma ashar da ake yi wa duk wanda ba Musulmi ba, har da Kiristan da littafinmu ya kira ma'abocin littafi.

Bahaushe ma an sa masa irin wannan. A Fulatanci, kaaɗo, jam'insa haaɓe, shi ne wanda ba Bafulatani ba. A Mali da shi Fulani suke kiran Dogon. Bayan jihadin 1804 kalmar ta shigo Hausa ta zauna daram, har mu da bakinmu muke cewa sarakunan Haɓe in muna nufin su Rumfa da Alwali. Mai gida ya ari sunan da baƙonsa ya sa masa, ya rubuta tarihinsa da shi.

Bature ya fi kowace kalma yawo. Yau in aka ce Bature, farar fata ɗan Ingila ko Faransa ke zuwa zuciya. Amma cikin birnin Kano akwai unguwa mai suna Dandalin Turawa, kuma ba Ingilishi ne suka zauna a can ba. Larabawan Gadamus da Tarabulus ne, fataken hamada. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Agadas a 1850, kafin ya iso Kano a 1851, ya tarar da mai sarautar Sarkin Turawa, wanda ke kula da sha'anin fataken Larabawa. Shi kansa Barth da sunan Abdulkarim yake yawo. Wasu masana suna danganta tushen kalmar da Ture, sunan zuriyar nan ta malamai da 'yan kasuwa a ƙasashen Mali, wadda Askiya Muhammadu da Samori suke ɗauke da sunanta. Masu raha kuwa suna cewa "ba ture" ne, wanda ba ya turuwa. Wannan hira ce ta bakin kasuwa, don kalmar ta girmi mulkin mallaka nesa ba kusa ba.

Waɗanda suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, sunan da malamai suka kira su da shi Nasara ne, kalmar Alƙur'ani ga Kiristoci, wadda ake dangantawa da Nazarat garin Annabi Isa. Ba ta da alaƙa da cin nasara a ma'anar da ake nufi, ko da yake kunnen wanda aka ci da yaƙi ba zai rasa jin ɗacin kamannin ba. A Maraɗi da Damagaram har yanzu Anasara ake cewa. A wajenmu kuwa Bature ya ƙwace filin, Balarabe ya koma Balarabe kawai. Daga nan kalmar ta sake tashi, ta bar fata ta koma kujera. Baturen gona, baturen makaranta, baturen 'yan sanda. Ranar zaɓe, wanda zai karanta sakamakon ƙaramar hukumar Rogo baturen zaɓe ne, ko da baƙi ne wuluk kuma haifaffen Gwangwan. Wanda ba ya son a ɓata masa lokaci, ko mai faɗar gaskiya ba kara, shi ma an ce Bature ne. Kalma ɗaya ta tashi daga Balarabe ta bi ta kan Ingilishi ta sauka a kan ɗan boko, kuma abin da ta riƙe a duk tafiyar shi ne mutumin da ya zo da takarda da iko daga wani wuri.

Kwara, sunan da Kanawa ke kiran 'yan Labanan da Siriya, daga bakin teku ya hauro. Na farkonsu sun yi tallar duwatsun murjani, wanda Ingilishi ke kira koral, Yarabawa suka ce Kora, mu muka ce Kwara. Su ne suka yi kantunan yadi a Fage ta Kudu, inda Kantin Kwari yake yau. Buzu kuwa asali sunan talakawa da barorin Abzinawa ne, ba na masu rawanin sarauta ba. Farin 1973 da na 1984 ya koro su birane suna gadi da dafa shayi, sai sunan ya rufe al'ummar gaba ɗaya.

Sunan Yarabawa labarinsa ya sha bamban, don shi masu shi karɓa suka yi. Ahmad Baba na Tumbutu ya ambace shi a farkon ƙarni na 17, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo shi cikin Infaƙul Maisuri, kuma a lokacin mutanen Oyo ake nufi. Ijabu da Egba da Ekiti kowa da sunansa yake amsawa. Su Samuel Ajayi Crowther ne, da suka zo rubuta harshen a ƙarni na 19, suka shimfiɗa sunan a kan kowa. Amma wasu al'ummun sun mayar mana da namu. Waɗanda muka kira Kaje sun ce su Bajju ne. Kataf sun ce Atyap, Yargam sun ce Tarok, Sura sun ce Mwaghavul. Tibi ba sa son jin Munci, sunan da ake jingina wa labarin shanun da aka ba su amana suka ce "mun ci". Wanda ya ga wannan a matsayin fitina kawai, ya jira ya ji nasa.

Ga nasa. Kaka na wucewa, samarin Ruwan Bago da Beli da Fulatan suna ɗaure jaka su tafi ci-rani, wasu Legas, wasu Fatakwal, wasu Abuja. Suna sauka sunansu ya zama aboki. Babu kalma mai daɗi a Hausa kamar aboki, amma duk wanda ya tura baro a kudu ya san yadda ake furta ta, da abin da ake nufi: jahili, mai gadi, wanda za a cuta a canji. Barebari suna ce mana Afuno, Yarabawa Gambari. A Makka da Jidda, Takari ne, daga Takrur, tsohuwar daular bakin kogin Sanagal, sunan da mutanen Hijaz suka yafa wa duk baƙar fatar Afirka ta Yamma. A Sudan Fallata ne, ko Bahaushe ko Babarbare, ko da kakansa ya isa can tun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. A Gana, zangon da ayarin goro ke yada kaya ya zama Zongo, unguwar baƙi Musulmi a Kumasi da Ankara. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su fice, 'yan Najeriya da yawa suka dawo da abin da hannu ya iya ɗauka. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan kora, har jakar da mutanen Gana suka zuba kaya a ciki ta sami sunan da muke kiranta da shi yau.

Abin da ya bambanta dā da yanzu ba yawan sunayen ba ne. Dā baƙunci yana da ƙofar fita. Falke ya sauka wurin fatoma, fatoma ya tsaya masa a ciniki, in ya zauna mai unguwa ya ba shi fili, ya yi aure, jikansa ya tashi ba ya jin wani harshe sai Hausa. Sunayen unguwannin Kano rajista ce ta waɗanda suka bi ta ƙofar nan: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Sharifai, Ayagi ta Yarabawa, Alfindiki daga funduƙ, masaukin fatake a Larabce. Wangarawa sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, suka zama limamai da alƙalan gari. Agalawa daga wajen Abzin asalinsu yake, kuma daga cikinsu Alhassan Ɗantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji ya rasu a 1955. Wa zai tashi yau ya ce gidan Ɗantata baƙi ne a Kano? Ba a goge asalin ba, ana tunawa da shi a kirari da wasan barkwanci, amma bai hana kowa gona ko mata ko sarauta ba. Ba ina cewa zamanin adalci ne zalla ba. Da yawa sun shigo ta ƙofar bauta, ba da son ransu ba, kuma tabon ya bi jikokinsu.

Turawan mulki ne suka fara toshe ƙofar. Wajen 1913 suka keɓe Sabon Garin Kano don mutanen kudu da na sauran ƙasashen bakin teku, a wajen ganuwa, a ƙarƙashin wata doka daban da ta birni. Sabon gari a Hausa ba ya nufin komai sai sabon mazauni, ko a Rogo akwai mazaɓa mai wannan suna. Amma na Kano da Zariya sun zama wuraren da mutum zai haifu, ya tsufa, ya mutu, yana baƙo. A Ibadan aka yi wa Hausawa irinsa, Sabo, a 1916. Bayan mulkin kai, maimakon a buɗe, sai aka sa kwaɗo. Tsarin mulkin 1999, sashe na 147, ya ce a naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, kuma ya kasance ɗan asalinta. Daga wannan tunani takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma ta sami ƙarfinta, wadda ba a shiga soja ko aikin gwamnati ko samun gurbin karatu sai da ita. Bahaushen Jos da Ibon Sabon Gari ciwonsu ɗaya: garin da aka binne cibiyarsu yana ce musu baƙi, garin da ake tura su kuma bai san fuskarsu ba. Rikicin Zangon Kataf na 1992, wanda ya taso a kan mayar da kasuwa wani wuri, da na Jos na 2001, duk a kan tambayar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo jini ya zuba.

Gidajen rediyo sun ƙara mana wata, baƙin haure, wato waɗanda suka haura katanga ba su bi ta ƙofa ba. Fassara ce mai kaifi, amma a tuna cewa haure aikin ɓarawo ne a Hausa, kuma waɗanda ake kira da ita a labaran Libiya da Aljeriya sau da yawa 'ya'yanmu ne, daga Kano da Katsina da Kance ta Nijar.

Ba a yi wa harshe doka a kasuwa, kuma tsohuwar da ta ce Inyamuri ba da nufin komai ba, ba ita ce matsalar ba. Amma mai riƙe da alƙalami, da mai magana a rediyo, da mai hawa mumbari, da malamin aji, su sun san asalin kalmomin nan ko ya kamata su sani. Su kira mutane da sunan da suke kiran kansu: Ibo, Gbagyi, Tibi, Bajju, Kirista. Wanda ransa ke ɓaci in an ce masa aboki a Legas ba shi da hujjar ce wa maƙwabcinsa arne a Rogo.